Kundin aikin saukar da injin .NET a cikin tsohuwar manhajar sikeli

Litinin, 7 ga Oktoba 2024, Yamai

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta abin da nake cin karo da shi a aikin da na karɓa daga hannun wani Alhaji mai sayen wake da gero, wanda ke da sito biyu, ɗaya a nan Yamai, ɗaya a Tawa. Manhajar da yaransa ke auna buhuna da ita ni na rubuta ta da harshen kwamfuta na C++ shekarun baya, kuma har yau tana karanta nauyi daga sikeli lafiya lau. Abin da ta rasa shi ne lissafin bashin manoma da dillalai, da kuma rasit mai tsari, kuma ƙanena da muke aiki tare ya riga ya rubuta waɗannan da C#. Aikina shi ne in sa tsohuwar manhajar ta tayar da injin .NET a cikin jikinta, ta kira abin da ya rubuta, yaron sito kuwa ya ci gaba da ganin taga ɗaya kamar yadda ya saba.

Manhajar C++ tana gudana kai tsaye a kan na'ura, ita ke karɓar ƙwaƙwalwa, ita ke mayarwa. Abin da aka rubuta da C# kuwa sai da inji a ƙarƙashinsa, wanda ke fassara shi yayin da yake aiki, yana kuma share masa ƙwaƙwalwar da ya gama da ita. Daga yau zan riƙa kiran ɓangaren C++ mai masauki, ɓangaren C# kuma baƙo, domin haka dangantakar take.

Hanyar da Microsoft ta tanada tun .NET Core 3.0 na shekarar 2019 matakai uku ce. Ana tambayar nethost inda hostfxr yake (dukansu ƙananan fayiloli ne masu taimakawa wajen tayar da injin), a ɗora hostfxr a ba shi fayil ɗin runtimeconfig.json domin ya san sigar injin da ake buƙata, sannan a nemi adireshin aikin da ake son kira a cikin baƙo, wato wurin da yake zaune a ƙwaƙwalwa. Na yi tunanin raba su manhaja biyu masu aika wa juna saƙo, amma kwamfutocin sito tsofaffi ne, kuma kaka ta kama, ba na son a ce ɗaya ta mutu ɗaya tana raye alhali ana tsakiyar awo. Na ba wa kaina mako huɗu.

Talata, 8 ga Oktoba

Na sauke .NET 8 da fayilolin nethost.h, hostfxr.h da coreclr_delegates.h. Kuɗin intanet jika 5.  

Laraba, 9 ga Oktoba

Kiran get_hostfxr_path na farko ya dawo da lambar kuskure 0x80008083, wadda ke nufin ba a samu hostfxr ba, alhali ina ganin sa da idona a cikin C:\Program Files\dotnet. Na yi gaggawa na rubuta cikakkiyar hanyar fayil ɗin da hannu na miƙa wa LoadLibraryW, sai ya dawo hannu wofi, GetLastError kuma ya ba da 193. Wannan lamba ce ta fahimtar da ni inda matsalar take, domin Windows na bayar da ita ne idan fayil ɗin da ake son ɗorawa ba irin na manhajar da ke neman sa ba ne.

Manhajar sikeli ta bit 32 ce, kuma dole ta zauna haka, saboda fayil ɗin DLL (fayil mai ɗauke da ayyukan da manhaja ke ɗorawa ta kira) da ya zo da sikelin na bit 32 ne kawai, ba ni da wani. Injin da na sauke jiya kuwa na bit 64 ne. Manhaja ɗaya ba ta haɗa biyun a cikinta ko kusa, don haka nethost bai yi kuskure ba da ya ce bai ga komai ba: ya duba wurin da injin bit 32 ke zama, C:\Program Files (x86)\dotnet, ya tarar babu. Na sauke sigar x86, na goge hanyar da na rubuta da hannu, hostfxr ya hau. Rabin yini ya tafi a kan wannan, kuma da na yarda da amsar farko na tambayi dalilinta da awa ɗaya ta isa.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Kurakurai biyu, ɗaya bayan ɗaya, duka a hostfxr_initialize_for_runtime_config. Na farko 0x80008093, domin babu fayil ɗin runtimeconfig.json gaba ɗaya. Ƙanena ya harhaɗa aikinsa ne a matsayin DLL da wasu ke kira, irin wannan kuwa ba a fitar masa da wancan fayil sai an saka EnableDynamicLoading a cikin csproj, fayil ɗin da ke tsara yadda ake harhaɗa aikin. Ya saka, fayil ya fito. Na biyu 0x80008096, wato ba a samu sigar injin da aka nema ba.

A nan ne na fara amfani da abin da ya kamata in kunna tun ranar Talata. Idan aka sa COREHOST_TRACE ya zama 1, aka kuma ba COREHOST_TRACEFILE sunan fayil, hostfxr zai rubuta duk inda ya leƙa da duk abin da ya ƙi karɓa da dalilinsa. Da na karanta sai na ga baƙon yana neman 6.0, ni kuwa 8.0 na girka. Bisa ƙa'idar asali, injin yana yarda ya matsa zuwa ƙaramar siga ta gaba a cikin babbar siga ɗaya, amma ba ya tsallakawa daga 6 zuwa 8 sai an ba shi izini da rollForward. Ban ba da izinin ba. Na roƙi ƙanena ya mayar da aikinsa net8.0, domin gara mu gwada a kan ainihin abin da za mu kai sito.

Na kuma ɗaura hostfxr_set_error_writer domin saƙonnin kuskure su shiga rajistar manhajar. Manhaja mai taga ba ta da baƙin allon da irin waɗannan saƙonni ke fita a kai, shi ya sa kwana uku ina ganin lambobi tsirara ba bayani. Sai dai a lura, a kan zaren (thread, wato layin aiki ɗaya daga waɗanda manhaja ke gudanarwa lokaci guda) da aka ɗaura shi kawai yake aiki.

Litinin, 14 ga Oktoba

Injin ya tashi. Yanzu matsalar ta koma wurin neman adireshin aiki da load_assembly_and_get_function_pointer, kuma fayil ɗin sawun da ya cece ni ranar Juma'a bai ce uffan ba, domin iyakarsa bakin ƙofar injin. Wannan ya sa na zauna na rarraba lambobin da nake gani, kuma rarrabawar ta yi mini amfani ƙwarai. Wadda ta fara da 0x80008 daga hostfxr da ƴan uwansa take, injin bai kai ga tashi ba ko kuma an yi masa kiran da bai dace ba. Wadda ta fara da 0x8013 daga cikin injin take, wani kuskuren .NET ne aka mayar lamba. Wadda ta fara da 0x8007 kuwa lambar Windows ce ta yau da kullum aka naɗe, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ainihinta.

Yau na ga uku. 0x80131522 ta zo ne domin na ba da sunan aji kawai, alhali ana son sunan aji da gidansa, waƙafi, sannan sunan DLL ɗin ba tare da .dll ba. 0x80070057 ta zo ne domin na bar gurbin nau'in wakili (delegate, wanda ke faɗin abin da aiki ke karɓa da abin da yake dawowa da shi) wofi, wanda ke nufin aikin dole ya karɓi adireshi ɗaya da lamba ɗaya ya kuma dawo da lamba, namu kuwa ba haka yake ba. Da na koma ga UNMANAGEDCALLERSONLY_METHOD sai 0x80131509 ta fito, saboda ƙanena bai sa wa aikin alamar UnmanagedCallersOnly ba tukuna. Bayan la'asar mai masauki ya miƙa wa baƙo 2 da 3, baƙo ya dawo da 5.

Talata, 15 ga Oktoba

An ɗauke wuta tun safe har azahar. Na rubuta a takarda ayyuka bakwai da za su ratsa tsakanin ɓangarorin biyu, kuma na yanke cewa ba za su wuce haka ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Jiya da yau na sha wahala a kan abubuwa biyu da babu lambar kuskuren da ta nuna su. Na farko, bayan kira ya dawo lafiya sai manhajar ta faɗi a wani wuri can gaba da ba shi da alaƙa da kiran. Da na harhaɗa ta a yanayin bincike, Visual Studio ya tsayar da ita da gargaɗin cewa ESP, alamar da ke nuna saman tarin da ake jera bayanan kira a kai, bai dawo daidai ba. A Windows na bit 32 akwai al'adun kira fiye da ɗaya: a cdecl mai kira ne ke kwashe abin da ya jera a kan tari, a stdcall wanda aka kira ne ke kwashewa. Aikin da ke da alamar UnmanagedCallersOnly yana bin stdcall idan ba a ce masa komai ba, ni kuwa na bayyana adireshin a C++ ba tare da na faɗi al'ada ba, sai ya zama cdecl. Kowane ɓangare ya kwashe, aka yi kwasa biyu a kan jeri ɗaya. Gwajin ranar Litinin ya wuce ne bisa sa'a kawai. Na sa CallConvCdecl a fili a ɓangaren C#, na sa __cdecl a fili a nawa. Wanda ke aiki a bit 64 ba zai gamu da wannan ba, domin can al'ada ɗaya ce.

Na biyu ya fi tayar mini da hankali, saboda babu abin da ya faɗi. Na aika bayanin buhu mai nauyin kilo 100, baƙo ya karanta wata lamba da ba ta yi kama da nauyin komai ba. Tsarin bayanin yana da lambar buhu mai bayit 4, alama mai bayit 1, da nauyi a giram mai bayit 8. A tsohon fayil ɗina akwai pragma pack(1) da na manta da shi, wanda ke matse su su zama bayit 13. C# kuwa yana barin giɓi na bayit 3 bayan alamar, jimilla 16, don haka yana fara karanta nauyin daga inda ba nan ya fara ba. Mun sa Pack = 1 a StructLayout. Na kuma ƙara abin da nake ganin wajibi ne: da manhaja ta tashi, mai masauki zai tambayi baƙo girman kowane tsari, idan bai yi daidai da nasa ba ta ƙi buɗewa. Kuɗin manomi ne ke cikin wannan lamba, kuma manhajar da ta ƙi tashi ta fi mini wadda za ta buga rasit na ƙarya cikin natsuwa.

Litinin, 21 ga Oktoba

Yau ranar haruffa ce. Tsohuwar manhajar tana ajiye rubutu a tsarin Windows-1252, inda é bayit ɗaya ce, 0xE9. Ƙanena yana karanta abin da na aika da PtrToStringUTF8, sai sunan gari irin Filingué ya fito da baƙar alamar tambaya a ƙarshe, domin wannan bayit ita kaɗai ba harafi ba ce a UTF-8. Ta ɗaya ɓangaren kuma, haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba su da gurbi a 1252 sam, shi ya sa shekara da shekaru yaran sito ke rubuta Dan a maimakon Ɗan. Wannan ya daɗe yana damu na, kuma tunda dama ta samu ba zan bar ta ba.

Mun yi yarjejeniya cewa duk rubutun da zai ratsa ƙofa UTF-8 ne. Tsofaffin sunaye ina juya su da MultiByteToWideChar sannan WideCharToMultiByte kafin su fita. Kowane ɗaya daga haruffan nan huɗu bayit 2 ne a UTF-8, don haka tsawon da muke miƙa wa juna na bayit ne, ba na haruffa ba. Mun kuma amince cewa mai kira ne ke tanadar wurin da za a rubuta amsa, domin kada a wayi gari wani ya karɓi ƙwaƙwalwa wani daban ya mayar da ita ta hanyar da ba ta dace ba.

Laraba, 23 ga Oktoba

Ayyuka bakwai ɗin duka suna aiki a kwamfutata. Na sayi naɗin takardar firinta biyar, jika 3.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Gwajin farko a siton Yamai, da safe kafin masallaci. An ɗora buhun farko, sikeli ya tsaya, taga ta ɓace ba sallama. Alhaji yana tsaye a bayana, ya ce, “Malam, lafiya dai?” Na ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa la'asar, yara su ci gaba da tsohuwar.” Na yi sa'a ban goge ta ba.

A rajistar abubuwan da suka faru ta Windows na tarar da shigarwa daga .NET Runtime mai lamba 1026, da lambar 0xE0434352, wadda ita ce alamar kuskuren da C# ya jefa ba wanda ya cafe. Sikeli yana aiko nauyi a rubuce, kamar 100.25 da ɗigo. Windows ɗin kwamfutata na Ingilishi ne, na sito kuwa na Faransanci, inda waƙafi ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta. decimal.Parse ya bi al'adar na'urar da ya samu kansa a kai, ya ƙi karɓar ɗigon, ya jefa FormatException. Kuskuren ƙarami ne, amma da ya iso bakin ƙofa babu mai tare shi sai ya tafi da manhajar gaba ɗaya.

Gyara biyu muka yi. Duk lambar da ta fito daga na'ura ana karanta ta da InvariantCulture. Sannan kowane ɗaya daga ayyuka bakwai ɗin an kewaye shi da try da catch, masu cafe kuskure, tun daga layin farko har na ƙarshe, yana dawo da lamba, yana ajiye cikakken bayanin kuskuren inda mai masauki zai iya nema ya rubuta a rajista. Ƙanena ya ce, “Yaya, ai wannan maimaici ne.” Na ce masa maimaici ne da nake so.

Da la'asar rasit ya fita, amma a tsakiyar 25 000 firinta ta buga wani baƙon harafi. Mai raba dubbai a tsarin Faransanci ba sararin da muka sani ba ne, wani siririn sarari ne mai lamba U+202F, ƙaramar firintar kuwa ba ta san shi ba. Muna musanya shi da sarari na yau da kullum kafin bugawa.

Litinin, 28 ga Oktoba

Yaron sito ya kira ni, ya ce ranar Asabar manhajar ta rufe kanta sau biyu, yau ma sau ɗaya, kuma ba a buhun farko ba, sai an jima ana awo. Rajistarmu ba ta kama komai ba, wato catch ɗin ma bai gan shi ba. Na kwafo rajistar Windows a kan kebul, wato ƙaramar ma'ajiyar USB, na dawo gida. Kuɗin tasi zuwa da dawowa jika 1.

Laraba, 30 ga Oktoba

Wannan shi ne mafi wuya tun da na fara, kuma zan rubuta shi dalla-dalla. Shigarwar da na samu mai lamba 1025 ce, ba 1026 ba, wato injin da kansa ne ya kashe manhajar nan take, shi ya sa babu catch da zai iya tarewa. Saƙon yana cewa an yi kira a kan wakilin da mai share ƙwaƙwalwa ya riga ya kwashe.

Ga yadda abin yake. Zaren da ke sauraron sikeli a ɓangarena yana kiran baƙo duk lokacin da nauyi ya tsaya. Domin in samu adireshin da zan kira, ƙanena ya ƙirƙiri abin da C# ke kira delegate daga wani aiki na wani abu mai rai, ya ciro adireshinsa da GetFunctionPointerForDelegate ya miƙo mini, wakilin kansa kuwa bai ajiye shi ko'ina ba. Mai share ƙwaƙwalwa yana duba abin da baƙo ke riƙe da shi ne kawai. Bai san akwai wani adireshi a aljihun mai masauki ba, ba shi ma da hanyar sani. A wurinsa wakilin ba shi da mai shi, don haka duk lokacin da shara ta zo sai ta tafi da shi. Shara kuwa ba ta da ƙayyadadden lokaci, tana zuwa ne idan abubuwa sun taru, shi ya sa a gida, inda nake gwada buhu goma in tashi, ban taɓa gani ba, a sito kuwa sai rana ta yi nisa.

Ban yarda da wannan bayani ba sai da na iya jawo faɗuwar da hannuna. Na sa an ƙara wani aiki na gwaji mai kiran GC.Collect da GC.WaitForPendingFinalizers, na kira shi, na ɗora nauyi, manhajar ta mutu nan take, sau biyar a jere. Mun cire wakilin gaba ɗaya. Yanzu adireshin na wani aiki ne tsayayye mai alamar UnmanagedCallersOnly, wanda shara ba ta taɓawa, abin da yake buƙata kuma an ɗaure shi da GCHandle, ina riƙe da lambarsa ina mayar masa a kowane kira, sai an rufe sikeli a sake shi. Na bar tilasta sharar a cikin jerin gwaje-gwajenmu, ana yin ta bayan kowane kira, kuma a ganina duk mai irin wannan aiki ya kamata ya yi haka tun makon farko. Daren jiya na bar gwajin yana maimaita awo 20000, da safe na tarar da shi a raye.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Kwana huɗu babu faɗuwa a sito. Ƙorafi ɗaya ne: idan waya ta zare aka danna maɓallin sake haɗawa, sai manhajar ta ce lissafi bai tashi ba. Laifina ne. Maɓallin yana rufe komai ya sake buɗewa, har da hostfxr, kuma a kira na biyu hostfxr yana dawo da 1, wanda nasara ce mai ma'anar cewa injin ya riga ya tashi. Ni kuwa na rubuta cewa duk abin da ba 0 ba kuskure ne. Abin da na ƙara fahimta shi ne hostfxr_close ba ya sauke injin. Da zarar ya hau yana nan har manhajar ta rufe, ba a kuma tayar da na biyu kusa da shi. Yanzu sau ɗaya ake tayar da shi, maɓallin kuma sikeli kawai yake taɓawa. Haka nan DLL ɗin baƙo yana kulle muddin manhajar na buɗe, don haka sabuntawa sai an rufe ta.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Wa'adin mako huɗu ya wuce. Na nemi yaron siton Tawa ya ɗauko mini hoton allon kwamfutarsu, sai na ga Windows 7 ce, .NET 8 kuwa ba ya goyon bayanta. .NET 6 ne na ƙarshe da ke yi, shi kuma Microsoft za ta daina kula da shi ranar 12 ga wannan wata. Ban ga hikimar komawa kansa ba, tunda .NET 8 yana da kulawa har Nuwamban 2026. Na yi wa Alhaji bayani a sito, na ce ko a sayi wata kwamfuta ko a ɗaga wannan zuwa Windows 10, na kuma gaya masa gaskiya cewa ita ma Windows 10 kulawarta za ta ƙare a Oktoban 2025. Ya ce a lallaɓa wannan ta fitar da kakar bana, baɗi a sake shawara. Na sayi faifan SSD da ƙarin ƙwaƙwalwa na hannu, jika 28, ya biya.

Talata, 12 ga Nuwamba

Yau .NET 9 ya fito. Ba za mu taɓa shi ba a tsakiyar kaka. Na shirya kebul ɗin tafiya, na sayi tikitin mota.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, Tawa

Na iso jiya da dare, sanyin hunturu ya fara sauka a nan fiye da Yamai. Da safe na canza faifai na girka Windows 10. Saboda intanet ɗin sito ba abin dogaro ba ne, kuma ba na son wani ya cire injin bisa kuskure, ban girka .NET a kan na'urar ba. Na zo da sigar x86 a matse, na warware ta a cikin foldar manhajar, na miƙa hanyarta ta gurbin dotnet_root ga get_hostfxr_path da kuma kiran tayar da injin. Wannan hanyar tayarwa ba ta karɓar baƙon da ya ƙunso injinsa a jikinsa, don haka ajiye injin a gefe ita ce mafita. Nauyin da na ɗaukar wa kaina shi ne sabunta shi ya zama aikina, Windows ba za ta yi ba.

Injin ya tashi, awo ya yi, amma da aka zo ajiye bashin manomin farko sai baƙo ya dawo da lambar kuskure. Wannan karon taga ba ta ɓace ba, kuma rajista ta kawo cikakken bayani: DllNotFoundException a kan e_sqlite3, wato ba a samu fayil ɗin SQLite, ma'ajiyar bayanan da ake adana bashin a ciki, ba. Lokacin da nake shirya kebul na kwafi fayilolin DLL da na gani a sama kawai, na bar deps.json da foldar runtimes, ina ɗaukar su tarkace ne. Ashe da deps.json injin ke gano abokan tafiyar baƙo, kuma ta nan yake sanin cewa SQLite na bit 32 yana cikin runtimes\win-x86\native. A Yamai ban gamu da wannan ba saboda can foldar gaba ɗaya na kwafa. Ƙanena ya turo mini su ta WhatsApp a matse, kafin azahar aka buga rasit na farko, sunan mai kayan da Ɗ ɗinsa yadda ya kamata. Mai kayan ya karɓa ya daɗe yana dubawa kafin ya naɗe ya sa aljihu.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Na zauna a sito yini guda ina kallo, buhu 143, babu matsala. Na nuna wa yaron sito inda rajistar take da yadda zai turo mini ita. Na kuma ajiye masa wani ƙaramin fayil da zai danna ya buɗe manhajar da COREHOST_TRACE a kunne idan wata rana ta ƙi tashi.

Litinin, 18 ga Nuwamba, Yamai

Abin da na kashe daga aljihuna zuwa yau, har da mota da masauki a Tawa, jika 41. Saura abubuwa uku. Tashin farko yana ɗaukar kusan daƙiƙa 4 a kwamfutar Tawa kafin rasit na farko ya fita, don haka zan gwada harhaɗa baƙo da ReadyToRun, wanda ke fassara shi tun kafin ya tashi, in kuma tayar da injin a wani zare tun ana buɗe taga. Siton Yamai har yanzu yana amfani da injin da aka girka a na'ura, zan mayar da shi irin na Tawa ranar Laraba domin su zama ɗaya. Sannan zan rubuta ɗan umarnin da zai riƙa shirya foldar rabawa da kansa daga abin da dotnet publish ya fitar, ya ƙirga fayilolin, ya ƙi gamawa idan deps.json ko runtimeconfig.json ba ya ciki. Ƙanena zai zo gobe da yamma mu fara da wannan.